Magen da Na Kai Likoro a Buhu

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin ƙannena su faɗa da ƙari. Shekarar da muka samu masara har ƙofar ɗakin ajiya ta ƙi rufuwa, ni na tsaya gaban Baba na bugi ƙirji, na ce kada ya sayi maganin ɓera, magena za ta gama da su cikin mako guda. Abin da ban gaya masa ba, tun tana 'yar mitsitsiya nake ɗura mata kan kifi da kindirmon da nake sata a ƙwaryar Inna. Na sa ta a ɗakin, na zagaya na leƙa ta taga. Tana kwance kan buhu, ɓeraye na wucewa ta gabanta kamar masu zuwa kasuwar Makarfi. Har yau ina ganin ɗaya ya tsaya ya gaishe ta.

Baƙa ce wuluk, da ɗan fari a ƙirji, kuma ba ta san tsoro ba. Tsaron ranta ya zame mini sana'a. Kullum da safe sai na zura hannu cikin murhu kafin Inna ta hura wuta, don a tokar nan mai ɗumi take barci, gashin bakinta ma a nan ya ƙone. Bakin rijiya na rufe shi da tsohon langa-langa. Kwalbar fiya-fiya kuwa na rataye ta can jikin azarar ɗaki, inda ko ni sai na taka turmi.

Da mako ya cika Baba ya ɗaga buhu ɗaya, masara ta zubo ta ƙasa. Washegari ya dawo da ƙullin magani, ya kwaɓa da garin ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, ya bi lungu-lungu yana ajiyewa a sakaina.

Na ce, "Baba, mage fa?"

Ya ce, "Ka gaya mata kada ta ci. Ai kuna jin maganar juna."

Sai na koma kife ta da kwandon kaji in zan tafi makaranta, in ɗora dutse a kai. Kukanta har bakin masallaci. Kakata, wadda ba ta taɓa barina na sha ruwa lafiya ba, ta ce, "Kai mijin banza! Ni ko itace ba ka faso mini, amma mage ka gina mata kurkuku."

Rana ta huɗu na dawo na tarar da kwando a ture gefe, babu kowa ciki. Na same ta bayan turmi da ɓera a baki. Ɓeran farko da ta kama a rayuwarta, shi ma don ya riga ya ci magani yana tangaɗi. Ta cinye rabi. Na kurma ihun da ya sa maƙwabta suka ɗauka gobara ce. Kaka ta bar zolaya, ta ce in riƙe mata ƙafafu, ta buɗe bakin ta ɗura mata manja. Magen ta yi ta amai. Kwana biyu tana kwance, ina zaune kusa ina kallon cikinta yana hawa yana sauka. Allah Ya yi da sauran kwananta.

Inna ce ta yanke magana. "Maganin nan ba za a kwashe shi ba sai an sayar da masara. Kai ta gidan gwaggonka a Likoro."

Kaka ta ce in sa ta a buhu in ɗaure bakin, kada ta ga hanya. "In ta gani, kafin ka juyo ta riga ka gida." Na huda buhun don iska, na ɗaure shi tamau a bayan keke. Daga garinmu Taba har Likoro tana kuka, ni kuma ina yi mata alkawari cewa wata biyu ne kawai. Da na sani da na bar mata 'yar kafa ta leƙo.

Mijin gwaggo malami ne, ɓeraye sun daɗe suna yi masa karatu a littattafai. Ya karɓe ta hannu biyu.

Gida ya yi shiru. Na fi wata guda ina zura hannu a murhu da safe, in ji toka kawai. In aka soya kifi sai in ajiye kan a gefen kwano, can in tuna, in cinye abina ba daɗi.

Da aka sayar da masara na hau keke da buhuna. Na tarar da ita bayan akwatin littattafan Malam, 'ya'ya huɗu na tsotso. Ta rame, idonta ya yi kaifi, gwaggo ta ce babu ɓeran da ya rage a unguwar. Na miƙa hannu. Ta shinshina, ta lashi yatsana sau ɗaya, ta mayar da kai kan 'ya'yanta.

Malam ya dubi buhun ya ce, "Ɗana, uwa da 'ya'ya za ka raba?"

Gwaggo ta ce in sun yi wayo in zo in zaɓi ɗaya. Ban je ba, don Baba duk bayan girbi sai ya sa magani. Tana Likoro har yanzu, haihuwarta uku.