Allurar da aka yi wa ƙanwata

Shekarun baya, muna Allakaye, ma'aikatan likita suka zo lakwal, wato makarantar garinmu, da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, ta yara mata. Sunan ciwon ba baƙo ba ne a gidanmu, shi ya ɗauke mahaifiyata. Ni na yi jinyarta, ni na riƙa tallabe ta a mota zuwa asibitin Madawa da dawowa, ni ke wanke zannuwanta a bayan ɗaki don kada maƙwabta su ga jini. Ƙanwata kuwa lokacin ko tafiyar kirki ba ta iya ba, aka kai ta wurin gwaggonmu sai da komai ya wuce.

Tun rasuwar nake da tsoron ciwon nan. Ciki ya ɗan murɗa mini, sai in ce shi ke nan, ya iso. Da na ji labarin allurar, na ja hannun yarinyar muka tafi, ni ma na shiga layi abina, ƙatuwa da ni a tsakiyar ƴan firamare, har ina ɗan ranƙwafawa wai kada a gane.

Madam mai allurar ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyarki kinka kawo?"

"Ƙanwata ce. Ni ma a yi mini."

"Wagga ta ƙanana ce, tun ba su gamu da ƙwayar cutar ba. Ke ki zo likita a auna ki."

Aka yi wa ƙanwata, ta fito tana tsotsar alawa. Wallahi na ji kishi. Ba ta ga wahalar ba, ba ta shaƙi warin ɗakin nan ba, kuma ita aka tsare. Ni da na ga komai aka bar ni da tsorona.

Washegari na ce ta ɗebo ruwa, ta ce hannunta na ciwo. Nan na fashe. Na ce komai na duniya ita ke samu a ɓagas, ni kuwa daga wanki sai jinya na sani.

Sai ta ce, "Yaya, ke kin san huskar Inna. Ni ko a mahwalki ban iya ganin ta."

Na ɗauki bokitin na tafi rijiya da kaina.

Daga baya na je aka auna ni, lafiya lau, kuma ina komawa awon lokaci-lokaci. Ba zan ce kishin ya tafi duka ba, wani lokaci yakan ɗan taso. Sai dai tun ranar, in muna tsince hatsi nakan ba ta labarin Inna, yadda take dariya, da wushiryarta. Na ɗakin jinya na bar wa kaina.