Ranar da Na Kurɓi Tekun Ƙanƙara

Ba zan taɓa manta ranar da kwaɗayin shayi ya sa na sha teku ba. Ina ɗan shekara sha huɗu lokacin, muna zaune a unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, wani malamin kimiyya Bamisire da muke kira Ustaz yana haya a ɗakinmu na sama.

Wani abokinsa mai aiki a jirgin ruwa ya aiko masa da 'yar kwalbar ruwa daga tekun da ƙanƙara ke rufewa. Ya ce akwai tsirrai a ciki waɗanda ido ba ya gani. Ya ɗiga aidin don kada su ruɓe, ruwan ya koma launin shayi, ya auna ruwan a kofin gilashi, ya ajiye su kwanta a ƙasa kwana guda, sannan ya ƙidaya su da madubin likita. Shugaban makarantarsu ma zai zo kallo. Duk wannan daga baya na sani. Abin da na gani kawai shayi ne a taga, ba mai shi.

Na yi masa kurɓar raƙumi. Gishiri da ɗaci suka kai ƙara har ƙeyata, na yi tarin da na tabbata an ji a Arfa. Don in rufe ɓarna, na cike kofin da shayin Inna.

Washegari Ustaz ya ɗauki kofin a gaban baƙonsa, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Ya walad, kai yaro, tun yaushe na'ana'a ta fara tsiro a ƙanƙara?"

Na ce, "Ikon Allah ne, Ustaz."

Baba ya kama kunnena, gaskiya ta fito da gudu. Inna kuwa ta leƙo daga matakala tana tambaya, "Malam, yanzu ciyawar a cikinsa za ta yi ganye?"

Ustaz bai yi dariya ba, don ruwan ke nan, babu wani. Ya bar kofin ya sake kwanciya, ya zuƙe na sama a hankali, ya ɗiga na ƙasan a gilashi. Sai ya ce in leƙa ta madubin. Na ga wasu kamar mataji, wasu kamar taurari, ga guntayen ganyen shayi a tsakaninsu kamar gumaguman itace.

Daga ranar na koyi tambaya kafin in taɓa abin da wani ya ajiye. Tsirran an gan su, amma ƙidayar ta lalace tunda awon ya ɓaci. Ustaz ya rubuta wa abokinsa wasiƙa sau biyu, wata kwalbar ba ta zo ba har ya koma Masar.