Ƙanƙarar da Na Birkita a Yashi

Kwana uku Inna ta yi ba ta haɗiyi maganin hawan jininta ba, duk saboda tauraruwa mai wutsiya da ta fito. Bayan magariba ake ganinta yamma da gidanmu na unguwar Mardjandafak, dishi-dishi. Inna ta ce tun kakanninta an san ba ta fitowa sai za a yi rashi, kuma ita ce tsohuwar gidan.

Ni kuwa na gaji. Tun safe ina lekol, wato makaranta, ina koyar da kimiyya, in dawo in dafa, in wanke Inna, in yi ta lallashi. Yayyena maza biyu suna Kano, sai dai waya, ita ma ba kullum ba.

"Inna, ai sarakuna aka ce tana yi wa fitowa. Yaushe aka naɗa ki ban sani ba?"

"Kalas, ya isa, 'yar nan. Aike ne, na kuma gane."

Rana ta huɗu haƙurina ya ƙare. Na karɓo ƙanƙara a shagon maƙwabcinmu, na birkita ta a yashin tsakar gida, na sa a kwano na dire gabanta. Na ce ga tauraruwarki. Ƙanƙara ce da ƙura da tsakuwa, ragowar abin da aka yi rana da duniyoyi da shi. Can nesa take, bayan duniyoyin duka, inda sanyi ba ya bari komai ya narke. Idan wani abu ya gusar da ita sai ta gangaro wajen rana, zafi ya taɓa ta, ta riƙa tururi. Tururin da ƙurar su ne wutsiyar. Wata sai bayan dubban shekaru take dawowa, wata ba ta dawowa sam. Da faɗa na faɗi duk wannan, yadda nake yi wa ɗalibai a awar ƙarshe.

Inna ta sa yatsa ta taɓa ƙanƙarar. Ruwan laka ya fara taruwa a gindin kwanon.

"To ba ta san da ni ba ke nan?"

"Ba ta san da kowa ba. Wucewa kawai take yi."

Na zaci za ta ji sanyi a ranta. Sai na ga fuskarta ta faɗa. Ta dubi wayarta da ke kan tabarma, wadda ta kwana tara ba ta yi ƙara ba.

"Na ɗauka wani ne ya taso daga nesa saboda ni," in ji ta.

Ta miƙo hannu na ba ta ƙwayar, ta haɗiye ba gardama. Na samu abin da nake so, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na ɗauki kwanon na je bakin famfo, na daɗe ina wanke shi.