Zogalen da Tasalla Ta Shanya a Rana

Wata rana wata baiwar Allah mai suna Tasalla, can wajen Wudil, ta fasa ƙwan agwagwarta a tasa.

Gwaiduwa ta koɗe, ga ta ruwa tsululu. Waɗanda uwar ta kwanta a kai kuwa, rabi duk dungu.

Agwagin nan takwas ne, 'yan uwa, kuma irin na marigayiya mahaifiyarta ne. Tun daga toro ɗaya da mace biyu take lallaɓa su.

Maigidanta Malam Tanimu ya ce shi fa ya gaji da ƙazanta ba amfani. In wata ya mutu ba su gyaru ba, kasuwa zai kai su.

Wayyo! Ko abinci ta daina ci sosai.

Ta taɓa ji a rediyo cewa garin zogale a cikin dusa yana gyara ƙwai. Ta kuwa tsinko ganye himili guda, ta baza a kan rufin kwano yadda take shanya kuɓewa. Kwana uku rana na dukansa, har ya koma ja kamar taba. Ta daka, ta zuba musu.

Sati biyu, shiru kake ji.

Ran nan ta ƙulle ragowar garin a leda ta tafi asibitin dabbobi, kunya kamar ta nutse. Ta tarar da wata malamar gona, matashiya, ba ta fi sa'ar 'yarta ba. Malamar ta murza garin a tafin hannu ta shinshina.

"Inna, a ina kika shanya wannan?"

"A rana mana, 'yar nan. Ana shanya a ɗaki ne?"

"To ai rana ta riga agwagin shanye maganin! Ɓuntu kawai kike ba su."

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Zafi yana gajiyar da jikin agwagwa mai ƙwai, ya ci shi a hankali kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Sinadarin da ke tare wannan ɓarna yana cikin koren ganyen. Koren ya tafi, amfanin ya bi shi.

Ta ce a shanya a inuwa, a zuba kaɗan daidai awon da ta nuna mata, a yi wa agwagin rumfa, ruwa kuma kada ya yanke.

Tasalla har da ɗan gudunta a hanyar gida! Ta shimfiɗa tabarma a zaure ta baza sabon ganye. Malam Tanimu ya yi ta tsallake shi yana tsaki. Da ya bushe ta daka, ta riƙa zuba wa agwagin daidai awo, ta kuma kafa musu 'yar rumfa.

Saura kwana biyu wata ya mutu ta sake fasa ƙwai.

Jama'a! Gwaiduwa jawur, a tsaye ƙyam kamar an ɗora ta!

Ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ta soya biyu ta ajiye wa maigida. Ya cinye tas, ya suɗe yatsa, ya ce:

"Tasalla, wannan rumfar taki ta yi musu kaɗan. Bari in samo kara."

Darasi: Rabin bayani yana iya jawo miki asarar abin da kike ƙauna. In kin ji abu, tambayi yadda ake yinsa, ko da wadda za ta faɗa miki sa'ar 'yarki ce. Ni dai tsorona kada wata ta zuba ba awo, don Allah a fara tambayar malaman gona.

Ki tura wa duk wata mai kiwo da kika sani, yau ɗin nan, kafin ta hau da nata zogalen kan kwano!