Barkono a Filin Malam Muttaka

A Ƙanƙara in ka ce Malam Muttaka sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Malam Dogo mai ƙwallon kwando, ko 'yan acaɓa za su kai ka. Haifaffen Pauwa ne. Ya koyo wasan a kwalejin horon malamai, ya dawo ya shekara da shekaru yana koya wa yaran sakandare a kan turɓaya, inda ƙwallo ke faɗuwa ta ƙi tashi. Ya yi ta sintiri a ofisoshi har takalminsa ya cinye kafin a yi masa daɓen siminti. Kullum da kansa yake share shi.

Shekarar da aka yi daɓen, yaransa suka je Sabuwa suka cinyo. Wasan ƙarshe na gasar makarantun shiyya ya faɗo gida, da 'yan Faskari. Doka kuwa a fili take: makarantar da ta karɓi baƙi ba ta gyara fili ba, ta sha kashi ko ba a buga ba.

Ana jibi wasa ya shigo da safe, ya tarar da filin ja wur. Barkono ne aka shanya, tun daga wannan kwando har wancan.

Ya wuce ofishin shugaban makaranta. Can ya iske Alhaji Mamuda, shugaban ƙungiyar iyayen yara, ya miƙe ƙafa.

"Ranka ya daɗe, wa ya zuba mani barkono a fili?"

"Malam Dogo, zauna mana," in ji shugaban. "Na Alhaji ne. Duk unguwar nan ina aka samu daɓe mai kyau irin naka?"

"Jibi fa muke da wasa."

Alhaji ya yi dariya. "To ai jibi ka ce. Yaran naka dogaye ne kamar kai, su kwashe mani gobe da la'asar. Motsa jiki ne shi ma."

Suka kwashe, suka share, suka kwarara ruwa. Amma simintin yana da kaushi, garin barkono ya riga ya shige kowane ɗan rami.

Ranar wasa rana ta buɗe, daɓen ya bushe. Duk bugun da ƙwallo ta yi a ƙasa sai ta ɗauko yaji, daga ƙwallo zuwa tafin hannu, daga hannu zuwa ido wajen share gumi. Kafin a je hutu yara goma na hawaye da majina. Alƙalin wasa ya sa usur a baki, atishawa ta riga shi. Ya tsayar da wasa, ya ba Faskari.

Kocin Faskari ya zo yana murza ido. "Malam, gasa muka zo ko tsire za ku yi da mu?"

Malam Muttaka yana kallon yaransa sun yi layi a bakin famfo, Alhaji ya dafa shi.

"Sai haƙuri. Tunda an gama, gobe zan kawo sauran, akwai buhu ukku."

Washegari ya kira mai walda, aka cire kwandunan, aka kafa su a turɓayar bayan azuzuwa. Can yake koyarwa har yau. Maiɗakinsa Hafiza kuwa miyarsa daban take yi, don tun ranar bai ƙara yarda an sa masa yaji ba.