Nehemiya Mai Neman Tafinta

A Gumel ba mai kiran Nehemiya da sunansa sai matarsa Dinah, ita ma sai in ya ɓata mata rai. Kowa Malam Kwamfuta yake ce masa, daga mai shayin tasha har shugaban ofishin gonar da yake wa aiki. Abin dariyar, lokacin da sunan ya bi shi, ko hoton kwamfuta babu a ofishin.

Mutumin Filato ne, ya zo yana saurayi a matsayin mai buga tafireta. Wata shekara aka tura shi kwas Kano, aka koya masa wani yare na ba na'ura umarni, wai shi Kobol. Ya dawo da takardar shaida, da sabon tabarau, da magana ɗaya da ya ishi jama'a da ita: kwamfuta ba ta jin Kobol kai tsaye, sai an sa mata wani abu wai kwamfaila. In ya ga an yi masa zuru sai ya ce, "Tafinta ne. Ni in rubuta, shi ya juya mata. Kuma kowace irin na'ura da nata tafintan."

"Ashe kotu ce," in ji abokinsa Ɗantsoho, direban da ke jigila tsakanin Maigatari da Damagaram. "Marar tafinta shi ake ɗaurewa, ɗan Jos."

Burin Nehemiya guda ne. Ya tsara wani shiri da za a ba shi labarin ruwan sama na ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, ya faɗi waɗanda ya kamata a fara kai wa irin gero mai saurin nuna. Da biro ya rubuta shi, a ka yake gwada shi. Shekaru suna tafiya, shirin yana ƙara kyau, ba wanda ya taɓa ganin ya motsa.

Bayan an yi Jigawa da 'yan shekaru, wasu Turawan agaji suka kawo wa ofishin kwamfuta, fara tas, da hoton tuffa da aka gatsa. Aka lulluɓe ta da leshi kamar tiren biki. Shugaba ya kira Nehemiya ya ce an buɗe kujerar mai kula da kwamfuta. "In ta yi aikin nan da ka daɗe kana cika mana kunne da shi, kujerar taka ce. In ba ta yi ba, tafiretarka tana nan, ba mu sayar ba."

"Ranka ya daɗe, tafinta kawai ya rage."

Ya shiga Kano, shago shago. Duk inda ya je sai a ce akwai na Kobol, amma na irin IBM ne, mai tuffa ba ta san shi ba. Wani yaron shago har ya tambaye shi ko bai ji an daina yayin Kobol ba. Ya dawo ƙafa duk ta kumbura.

Ɗantsoho ne ya ce ya ga kwamfutoci masu tuffa a wani ofishi a Damagaram, kuma ya san wani Mushe, wato ma'aikacin ofis, a can da zai samo masa tafinta. Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, Nehemiya ya tsaya tsakanin raƙuma da dillalan shanu sanye da taye, yana jiran mota. Ɗantsoho ya sauko yana washe baki, ya zaro ɗan faifan kwamfuta daga cikin hularsa. "'Yan duwan, kwastan ɗin Nijar, sun ce mene ne, na ce laya ce."

Faifan ya shiga, na'ura ta karɓa. Tafinta ne na gaske, sai dai na wani yaren ne, Faskal, littafinsa kuma da Faransanci.

Wani da ya haƙura. Nehemiya kuwa ya samo wani mai sayar da turare ɗan Nijar da ya taɓa zaman lakwal, makarantar bokonsu ta Faransanci, yana karanta masa shafi shafi, shi yana lalube. Mutum da furfura a gemu ya koma ɗan aji ɗaya. Ya daina zuwa waƙar coci, ya daina hira. Dinah ta ce, "Baban Hope, in kwamfutar ta fara magana ka tambaye ta me za mu ci." Damina ta wuce, wata ta zo, ya juye shirinsa kaf zuwa Faskal. Saura gyare-gyare kaɗan, sai wa'adin Turawa ya cika. Suka zo suka yi godiya, suka naɗe kayansu har da wayar wuta. Leshin kawai suka bari.

Gwamnati ta ce kada a damu, za ta sayo tata. Ta sayo kuwa, irin IBM. Nehemiya ya zura faifan Damagaram, na'ura ta yi gurnani ta ce ba ta san wannan ba.

Wannan karon bai je ko'ina ba. Tafintan IBM ai ya cika Kano. Ya nema ta hannun ofis yadda doka ta ce, don kada gobe a ce ya sa wa kayan gwamnati abin da ba a sani ba. Shugaba ya sa hannu yana tsaki, ya ce daga wannan ba ƙari, akwai wata yarinya da ta iya buga wasiƙa da kwamfuta tana jiran kujerar.

Da saƙon ya iso sai ya bi ta rajista, kamar kowane saƙo. Ubale ke riƙe da rajista, dattijo mai tsare aiki, wanda bai taɓa barin abu ya wuce teburinsa ba tare da ya huda shi ya ɗaure a fayil ba. Shi da kansa ya kawo wa Nehemiya, yana alfahari. Ga faifan nan a cikin fayil, an buga masa hatimi, koren zare ya ratsa ta cikinsa.

"Malam Kwamfuta, wannan takardar taku taurin kai gare ta," in ji Ubale. "Abin huji ya ƙi cinta. Sai da na sa ƙusa a wuta."

Nehemiya ya ɗaga faifan ta zaren, yana lilo. Ta hujin yana hango hasken taga. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Baba Ubale." Ubale ya ce ai yi wa kai ne.

Yarinyar ta samu kujera, kuma ba laifi, wasiƙunta suna fita tsaf. Shi kuwa aka mayar da shi Gagarawa da tafiretarsa a bayan a-kori-kura. Irin gero aka ci gaba da rabawa yadda aka saba, wanda ya san wani ya fara samu.