Kitson Lahadi a Mayahi

Shekarar da innata ta rasu aka kai ni Mayahi, gidan wani abokin babana, don in ci gaba da kwaleji. Daga ƙauyenmu na wajen Maijirgi na zo, ban san kowa ba. Mutanen gidan ba su rage ni da komai ba, sai dai ba wanda ya taɓa yi mini zancenta. Tun rasuwarta kuma hannun kowa bai taɓa kaina ba. Ni nake yi wa kaina kalaba biyu karkatattu, in ɗaura kallabi in rufa musu asiri.

A shekarar ne gwamnati ta kawo wani tsari, wai kowane aji a zaɓi ɗalibi ɗaya mai sauraron 'yan'uwansa idan wani abu na cin ransu. Mushen Faransanci, wato malaminmu, ya nuna ni, ya ce ina da natsuwa. Wace natsuwa? Bakina ne kawai ya yi nauyi.

Wata madam ta zo daga Maraɗi ta yi mana horo. Ta ce mu zauna gaba da gaba, mu dubi mutum cikin ido. Aka ba mu hula, aka ajiye benci biyu ƙarƙashin itacen bedi, tsakiyar filin makaranta, inda ko akuya ta gitta sai kowa ya gan ta. To wa zai zo? Mu da tun muna ƙanana ake rankwashinmu in mun ƙura wa mutum ido. Kuma duk wanda ya doshi bencin, 'yan aji su ce ya taɓu. Haka na yi ta zama ni kaɗai duk hutun safe. Kaɗaicin da nake yi a ɓoye ya fito fili, har da hula.

Wata Lahadi sai ga wata 'yar ajinmu a gidan da nake, da matsefi a hannu. 'Yar garin Kona ce, ita ma a gidan mutane take zaune.

"An ce kin iya kitso," in ji ta.

Ta zauna tsakanin gwiwoyina, ta ba ni baya. Ban gama tsaga ta biyu ba ta fara magana. "Babana ya tahi Libiya, har yau shiru. Wani lokaci sai in ji kamar an aza mini turmi bisa ƙirji." Hannuna dai bai tsaya ba. Ta yi kuka, ta ce na cika jan gashi. Daga nan duk Lahadi sai ta zo, ko da kitson bai tsufa ba.

Gab da hutu ta juyo ta ɗaga kallabina, ta yi dariya. "Ke hwa, wa ka yi miki wanga abu?"

"Ni."

"In mun komo ni za ni yi miki. Ki tsehe ki jira ni."

Duk hutun nan a ƙauye, ina daka ina shirya abin da zan faɗa mata. Zan fara da yadda inna take danne kaina a cinyarta tana mitar ban iya zama ba. Ina ɗokin ranar ƙwarai.

Lahadin farko bayan komawa na tsefe, na wanke kai, na shimfiɗa tabarma a inuwa. Har aka kira la'asar ba ta zo ba. Da safe a makaranta wata 'yar garinsu ta ce mini uwar yarinyar ta kwashe su sun tafi Agadas neman aiki, ba za ta dawo ba.

Da aka fita hutun safe na ɗora hular bisa tsefaffen kaina na je ƙarƙashin bedi. Yara na ta ƙwallo a filin. Na zauna, na juya wa ɗayan bencin baya, na sunkuyar da kai yadda ake yi wa mai kitso. A hankali na ce, "Innata ta rasu da damina."